Hayaƙin Gidanmu Ya Fi Na Kowa

Argungu,
Watan ƙaramar Salla, 1961.

Zuwa ga ƙanena Ɗanmusa, Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta jini ɗaya, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hauwa'u da yara duka. Barkanku da shan ruwa, barkanku da Salla. Allah ya karɓi abin da muka yi, ya yafe mana inda muka gaza, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Yaya ciwon bayan nan naka? Na ji a bakin fatake cewa har yanzu kai kake cicciɓar huhun goro da kanka, wai yara ba su iya ba. Ka girma, Ɗanmusa. Furfurar da ka daɗe kana yi mini dariya a kanta ta iso gidanka, sai ka rage ƙarfin hali.

Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauko da wuri. Gulbi ya ja baya, kifi ya taru a gurabe, an samu, alhamdu lillahi. Matar ɗana Dikko ta sauka lafiya gab da azumi, mace, an sa mata sunan marigayiya ƴar'uwarmu Sadatu. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, mun ci mun ajiye iri. Za ka ga rubutun nan ya karkace kamar tsohon darni. Nawa ne, na ajin yaƙi da jahilci. Da can malamin bakin kasuwa ke rubuta maka a madadina, amma maganar yau ba ta shiga kunnen wani ba ce, shi ya sa na zauna da kaina. In za ka yi dariya, ka yi ta kai kaɗai.

Maganar ɗanka ce. Ka san wanda nake nufi, ɗana na fari da na miƙa maka tun ranar da aka yaye shi, ka riƙe, ka sa shi elementare, ka bi shi har makarantar Sakkwato kafin neman goro ya ɗauke ka. Ka kuma san yadda muke da shi. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba, in ya shigo ta nan ni na fita ta can. Haka uwarsa Safiyatu. Haka muka tashi muka ga ana yi wa ɗan fari, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai bana. Bayan an sami mulkin kai, Baturen da ke duba ƙungiyoyin gama kai a Birnin Kebbi ya tattara ya tafi, aka ɗora ɗanka a kujerarsa, aka ce ya fara da masuntan Argungu tunda gida ne. Ranar da labarin ya iso, ɗaki na shiga na rufe ƙofa don kada a ga haƙorana. A waje kuwa duk wanda ya yi mini barka sai in ce to madalla, in kau da kai kamar ba nawa ba.

Kada ka ɗauka yaron ya zo da shirme. Abin da ya kawo mai kyau ne, ni shaida ne. Ya kawo mana zaren nailan na saƙar koma da taru, wanda ruwa ba ya ruɓar da shi. Ya samo mota da za ta riƙa kwasar bandarmu zuwa Sakkwato da Gusau kai tsaye, mu huta da dillalan da ke tsayawa a bakin gulbi suna taya kifi yadda suka ga dama don sun san rana na dukansa. Sa'an nan ya gina babban ɗakin banda a bakin ruwa, da murhun bulo da ragar ƙarfe hawa-hawa. Ya ce daga yanzu duk kifin ƴan ƙungiya nan za a kawo, a gyara shi wuri ɗaya, a yi masa banda wuri ɗaya, ya fito iri ɗaya, a daina kai shi gidaje inda wani zai ƙone wani bai ji wuta ba. Ya ɗauki samari maza su yi aikin.

Abin da bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda a gidan ɗan kasuwa ya tashi, ka ji naka rabon, shi ne banda a wurinmu ba aikin wuta kaɗai ba ce. Kai ka san in namiji ya sauke kifi a tsakar gida, hannunsa ya fita. Mace ke feɗe shi, ta wanke, ta ɗora a wuta. Manyan na maigida ne. Amma ƙananan, da waɗanda suka karye, da kitsen ciki da ake soyawa a fitar da man kifi, nata ne, ba mai tambayarta. Da shi take sayen sabulu da zane, da shi take zuba adashi, da shi take tara wa ɗiyarta tasoshi. Innarmu da wannan ta aurar da Sadatu. Ɗakin bandar ɗanka ya zo ya share wannan duka, shi bai ma san ya taɓa wani abu ba, don babu mace ko ɗaya a inda aka yi maganar.

Kafin azumi aka yi taron, a gindin tsamiyar bakin mashaya. Ɗanka ya tsaya ya yi bayani tiryan-tiryan, da allo da alli, sa'an nan ya ce mai magana ya faɗa. Duk dattawan da ke wurin sun ga inda abin zai ɓaci, ni ma na gani tun bai rufe baki ba. Sai kowa ya juyo ya dube ni. Ni kuwa ɗan fari ne tsaye a gaban jama'a, ina zan kai idona? Na sunkuyar da kai ina zane da yatsa a cikin yashi. Su suka ɗauka shiruna yarda ce, wai lalle mun gama magana da shi a gida. Na ji Maigandi, wanda shi ne babban masuntanmu yanzu, yana ce wa na kusa da shi ƙasa-ƙasa, "Tunda uban yaro yai kurum, mu mi munka isa mu ce?" Shi kuma yaron ya ga dattawa sun yi shiru, ya ɗauka kowa ya gamsu, ya yi godiya, aka shafa fatiha aka watse. Ni na yi shiru don kunyarsa, su sun yi shiru don kunyata, shi kuma ya koma Birnin Kebbi ya shaida wa na gaba da shi cewa Argungu ta amince baki ɗaya.

Tun daga ranar nake tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da shekarar da ya hana zuba magani a tafkuna. Kana ƙarami, watakila ba ka riƙe ba. Lokacin shi ne babban masuntan unguwarmu, ya ga maganin yana kashe kifi har da ƴaƴansa, yana so a bari. Bai tara kowa ba. Rani guda ya yi yana bin gidaje, yau ya sha fura a nan, gobe ya je duba mara lafiya a can, ya zauna da tsofaffin mata a bakin murhu yana tambayarsu wa zai cutu in an daina. Da ya gano tsofaffin da ba su iya jan taru su ne suka dogara da maganin, sai ya sa aka riƙa ware musu kaso daga kamun gayya. A tafkin gidanmu ya fara bari, mu muka sha wahalar farko, har ina jin haushinsa a lokacin. Ranar taro kuwa kowa ya zo yana ji kamar shi ya fara kawo shawarar. Mu nan ba a gindin tsamiya ake jin cikin mutane ba. A zaure ake ji, da bakin murhu, ɗaya bayan ɗaya, taro na shafa fatiha ne kawai. Wannan ba a koya wa ɗanka a makaranta ba, wanda ya kamata ya koya masa kuwa yana can yana zane a yashi.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Safiyatu ba ta ɗaga murya ba, ka san halinta. Ta ajiye mini tuwo, ta koma gefe, ta ce wa bango, ba ni ba, "In kifi ya koma na maza, tukunya ma ta koma ta maza." Azumi ya rufa mana asiri, don ba a gama ginin ba, kowa ya ci gaba yadda ya saba. Amma duk tsawon watan mata suna ta shiga gidajen juna. Mun san ana ƙulla wani abu, muka yi kamar ba mu sani ba. Aka sa ranar buɗe ɗakin banda bayan Salla, aka ce wani babba zai zo daga Sakkwato ya gani da idonsa, kowa ya kawo kamun ranar gaba ɗaya.

Ranar nan, Ɗanmusa, gulbi ya yi mana kyautar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Giwan ruwa, tarwaɗa, gargaza, jirgi har yana neman shan ruwa. Amma da muka fito tudu sai kowa ya tuna abin da matarsa ta faɗa masa a ɗaki kafin ya fita. Ni ma haka. Ba zan ɓoye maka ba, ta bayan gari na bi da kaya a ka kamar ɓarawo, na sauke wa Safiyatu, na tsinci ƴan ƙurungu marasa nama na kai ɗakin banda don a ce na zo. Da na isa na tarar kowa dabarar da ya yi ke nan.

Baƙo ya iso da hantsi. An share wuri, an kafa sabuwar tutar nan kore da fari, samari sun hura wuta. Ragar da aka yi don ta ɗauki kamun gari guda, abin da ke kanta bai isa miyar gidan suna ba. Ɗanka ya tambaya, aka ce masa ruwa ne ya hana yau. Yana cikin ba baƙo haƙuri sai iska ta juyo daga gari. Kowane gida a unguwar masunta hayaƙi ke tashi, ƙamshin banda ya cika wurin har yana kama tufa. Baƙon dattijo ne mai barkwanci, ya shaƙa, ya ce shi bai taɓa ganin garin da ba a kama kifi ba yana ƙamshi haka. Sa'an nan ya ɗaga sandarsa ya nuna inda hayaƙi ya fi kauri, ya tambaya gidan wa ne wancan. Maigandi, da ba shi aka tambaya ba, ya ce, "Gidan uban shugaba na, ranka shi daɗe."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban dubi fuskar ɗanka ba, ƙafafunsa na gani, sun tsaya wuri ɗaya kamar an dasa su. Baƙo ya shiga mota, ko abincin da aka shirya masa bai taɓa ba. Da furfurata da komai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma har yanzu ba ta sake ni ba. Sallar la'asar ma a gida na yi ta, na kasa fita masallaci.

Wanda ya kawo mini sauran labarin Silvanus ne, direban motar ƙungiya, mutumin Kagoro da ke zaune a Birnin Kebbi da iyalinsa. Mutumin kirki ne, matarsa Paulina ta daɗe tana sayen man kifi a hannun Safiyatu. Ya durƙusa a zaure ya ce, Baba, abu ya ɓaci. Wai ɗanka ya ɗauka dillalai ne suka saye mu, ko kuma baƙin ciki muke yi don yaro ya zama shugaba, har yau babu wanda ya gaya masa maganar mata. Ya kira taro ranar Asabar mai zuwa, ya rantse duk wanda aka ga hayaƙi a gidansa za a cire shi daga ƙungiya, a karɓe zaren nailan, mota kuma a mai da ita Yawuri. Ya ce da gidan ubansa zai fara, don kada a ce ya yi son kai. Na gaba da shi kuma sun gaya masa in ƙungiyar ta watse kafin damina, to kujerar ta fi ƙarfinsa. Na tambayi Silvanus shi me ya hana shi faɗa masa gaskiya. Ya ce ya gwada a hanya, aka ce masa ya kula da sitiyarinsa. Sa'an nan ya ce a garinsu uba yakan kama kunnen ɗansa ko da ɗan ya yi gemu, shi bai gane irin namu ba. Ban ji haushinsa ba.

Na je wurin Maigandi, ya ce shi ba ya shiga tsakanin uba da ɗa, alhali ya shiga ranar da ba a gayyace shi ba. Da Sadatu na da rai da tuni ta kira yaron ta wanke shi tas, gwaggo ce, bakinta a sake yake. Dikko ƙanensa ne, ba ya iya ɗaga ido a gabansa. Sai na yi ta maza, na bi Silvanus a mota har Birnin Kebbi. Duk hanya ina jera maganar a zuciya, kafin mu hango fadamar Zauro na san abin da zan fara da shi da abin da zan rufe da shi. Da aka ce wa ɗanka ga ni, ya fito da sauri, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban ma'aikatansa. Ya rame, Ɗanmusa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gaishe ni yana duban gabas, na amsa ina duban yamma. Ya sa aka kawo mini ruwa. Muka yi maganar zafi. Da ya ce ko lafiya na zo, sai na ji bakina yana cewa igiya na zo saye. Ya aika aka sayo mini igiya, mai kyau kuwa, na naɗe ta na dawo gida. Ga ta can rataye a zaure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran yana hannunmu. Shekaranjiya Safiyatu da wasu tsofaffi sun je ɗibar ruwa, suka leƙa ɗakin bandar da ba kowa. Ta dawo tana ta gyaran murya, can ta ce wa bango murhun nan dai an iya gina shi, itace kaɗan zai ci, hayaƙi ba zai shiga ido ba, kifi ba zai taɓa toka ba. Ta ce da mata za a ba wa, su riƙa shiga bi da bi, kowace ta fitar da ƙanananta da kitsenta yadda aka saba, manyan su tafi mota, da ko gobe sai su kashe murhunan gida. Ashe ba sabon abin suke ƙi ba, fitar da su daga cikinsa suke ƙi. Na ce to ta gaya wa ɗanta mana. Ta juyo ta dube ni, ta ce ita da ta haife shi ta fi ni kunyarsa, kuma ba ita ta zauna a taro tana zane a yashi ba.

Na fara wannan takarda da niyyar in roƙe ka ka rubuta masa, tunda kai ne uban da yake iya kallo, kai kake iya ce masa wawa ya yi dariya. Ka gaya masa ya janye taron Asabar, ya ajiye allo da alli, ya bi gidaje yadda kakansa ya yi. Ya fara da tsofaffin matan da ba sa jin kunyarsa, ya tambaye su abin da za su rasa kafin ya gaya musu abin da za su samu, ya bar musu murhun a hannunsu, ya gwada da gidaje kaɗan tukuna. Har yanzu ina so ka rubuta, zai yi masa amfani gaba. Amma ina tsakiyar rubutu na tuna takarda ba ta isa Kumasi ta dawo kafin ruwan fari ya sauka, Asabar kuwa ga ta a bakin ƙofa. Sai na gane neman wurin ɓuya nake yi, wannan karon a bayanka. Silvanus zai wuce gobe da safe, na aika masa ya tsaya mini.

Watakila mutanen unguwa su ce Dankure ya tsufa ya zubar da kunya, ya zauna gaba da gaba da ɗan fari kamar abokinsa. Su faɗa. Gara a yi da ni a bakin mashaya da in zauna ina kallo yaron da bai zo da mugun nufi ba ya rushe aikinsa da hannunsa, don kawai ubansa mai kara ne. Ka taya ni da addu'a, Allah ya sake mini harshe, shi kuma ya ba shi kunnen saurare.

Safiyatu tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran zanen da ka yi mata alkawari tun zamanin Bature. Dikko da matarsa da ƴar jaririya Sadatu suna gaisuwa. Tamba maƙwabcinmu ya ce in gaya maka ƙafar ta yi sauƙi. Maigandi ma ya ce a gaishe ka, na isar don amana ce. Ka gai da Hauwa'u da kyau, ka shafa mini kan yara, ka gai da duk Kabawan da ke zango. Na ba fatake ɗan ƙunshin banda su kawo maka. Ka ci, amma ka sani daga hayaƙin nan ne da aka nuna da sanda.

Abu ɗaya ya rage. Gobe in na shiga ofishin nan dole in kira shi da sunansa, yadda zai san ba igiya na zo saye ba. Na gwada ɗazu a cikin jirgi, tsakiyar gulbi inda babu kowa, harshe ya ƙi. To bari in fara da hannu a nan ƙasa, inda babu mai ganin fuskata. In alƙalami ya iya, ina sa rai baki zai bi.

Wassalam. Ni ne yayanka,

Dankure, uban Abdussamadu.